Sabuwar Rijiya Kusa da Tsohuwa

Tun da famfon ƙaramin asibitin bayan kasuwa ya daina kawo ruwa, Auta ta daina jin daɗin ganin sunan yayarta a fuskar waya. Ba faɗa Yaya take yi mata ba, da faɗan ne ma da abin ya zo da sauƙi. Gaisuwa kawai take yi, ta tambayi ƙafar Inna, ta tambayi aiki, sai ta yi shiru ta bar layin a buɗe, Auta tana jiyo ƙarar bokitai a bayanta, har sai ita da kanta ta ce, "Ina nan ina bibiya, Yaya."

Auta ƙaramar jami'a ce a sashen tsare-tsare na ƙaramar hukuma. Aikinta ta rubuta takardun da ake shiga da su zaman kwamitin kuɗi, ta jera su, ta kai, sannan ta koma kujerun jikin bango inda ba a tambayar kowa ra'ayinsa. Amma a gida, tun ranar da ta gama jami'a ta samu wannan aiki, ita ce gwamnati. In fitilar titi ta mutu ita ake kallo. In kwata ta toshe, Inna kan ce, "Ku bari Auta ta dawo."

Ranar zaman kwamitin, ta biya ta asibitin kafin ta wuce ofis. Yaya ce babbar ungozoma a wurin. Auta ta tarar da ita a baranda cikin fararen kayan aiki, ta naɗe hannun riga, tana kokawa da jarkar da mai kurar ruwa ya sauke ya yi gaba.

"A'a, manyan gwamnati ne da sassafe?" in ji Yaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ku ba su hanya."

"Haba Yaya."

"Kama min nan. Jarkar nan ta raina ni."

Suka ɗaga tare, suka juye a cikin babban duro da ke bakin ƙofar ɗakin haihuwa. Ruwan ya fantsamo wa Auta a takalmi. A kan bencin baranda mata masu ciki sun jeru, kowacce da katinta a hannu tana fifita da shi.

"Masu duba asibitoci sun dawo jiya," in ji Yaya tana goge hannu a jikin rigarta. "Babbansu ya murɗa famfon ɗakin da hannunsa, famfo ya yi masa tari ya huro masa iska. Ya ce ƙarshen watan nan in ba ruwa, kwaɗo za su sa wa ɗakin."

"Ba su ga kuna sayen ruwa ba?"

"Sun gani. Sun ce ba a karɓar haihuwa da ruwan jarka. Kuma ba ƙarya suka yi ba, Auta. Ni kaina ban san inda mutumin nan yake ɗebo shi ba, tafasawa kawai nake yi ina addu'a."

Ba sai an yi wa Auta bayanin me kwaɗon yake nufi ba. In aka rufe ɗakin, matan unguwar sai babban asibiti can ƙarshen gari, ma'aikata kuma a rarraba su wasu wuraren. Da Yaya ta fara aiki a nan, ta tarar da ɗakin ba komai sai gado ɗaya mai tsatsa, ta yi shekaru tana roƙon labule, tana roƙon fitila, tana roƙon ma'auni, har ya zama ɗakin da mata ke ƙetare unguwanni su zo.

"Yau za a zauna," in ji Auta. "Na sa maganar a ciki. Daraktan sashenmu ya yi tafiya, ni zan gabatar."

Yaya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi 'yar dariya. "Ke? Ke da in an yi baƙi sai a same ki bayan ƙofa? To Allah ya ba da sa'a. Ki dai ɗaga murya."

Da Auta ta fito, ta zaga ta bayan ginin. Rijiyar burtsatsen da ke ba asibitin ruwa tana nan, tankinta a kan ƙafafun ƙarfe, allon da aka kafa ranar buɗe ta ya karkace, rana ta cinye rubutun sai rabin sunan wani ciyaman da ya daɗe da sauka.

A sakatariya ta fara leƙa ofishin Injiniya. Ta same shi yana shan shayi a tsakanin nannaɗaɗɗun zane-zanen gini, hular kwanonsa a saman kabad ta yi ƙura. Mutum ne mai sanƙo da yawan hamma, ya ga ciyamomi sun zo sun tafi har ya daina riƙe sunayensu.

"Ƙanwata, na je na duba, kamar yadda kika dame ni," in ji shi. "Rijiya lafiyarta lau. Ruwa na nan a ƙasa maƙil. Injin da ke turo shi sama ne ya ƙone. A zaro shi, a zura wani, kafin yamma kin ji ruwa na zuba."

"To ai abin da na rubuta ke nan."

"Na gani." Ya hura shayinsa. "Kin rubuta gaskiya. Allah ya sa Ma'aji ya tashi ta hannun dama."

Ta san abin da yake nufi, kowa a sakatariyar ya sani. Kuɗin ƙaramar hukuma aljihu biyu ne. Akwai na sababbin ayyuka, wanda ake cikawa daga sama, kuma in shekara ta ƙare ba a kashe shi ba sai a kwashe a mayar, a rage na baɗi. Akwai kuma na gyare-gyare, ɗan ƙarami, wanda man janareta da tayoyin motocin ofis ke lashewa tun shekara ba ta yi nisa ba. Ba a ɗebo daga wancan a zuba a wannan sai an rubuta sama, sama ta amsa. Shi ya sa a garin za ka ga sabon aji an shafa masa fenti yana ƙyalli, na kusa da shi kuwa rufinsa ya yaye yara na kallon gajimare. Auta ta sha buga irin waɗannan takardu da yatsunta, ba ta taɓa jin komai ba sai ciwon wuya.

An sa zaman da hantsi, ba a fara ba sai da rana ta take. Ɗakin taron dogo ne, teburi a tsakiya an lulluɓe shi da koren ƙyalle mai tabon shayi, fankar sama ɗaya ke juyawa, ita ma da ƙara kamar ana jan kujera. Kansiloli suka shigo ɗaya bayan ɗaya suna amsa waya. Ciyaman ya zo a ƙarshe, idonsa jawur, ya zauna ya cire agogo ya ajiye a gabansa.

Aka fara. An amince da hutun wasu ma'aikata. An amince da sayen takardun rasit na kasuwa. Aka daɗe a kan sabuwar ƙofar sakatariya, ko a yi mata baka a sama ko a bar ta miƙe, wani kansila ya ce ta maƙwabtansu har da fitilu masu launi, su me suka rasa? Aka amince da baka da fitilu. Aka zo kan sababbin shaguna a tashar mota, nan kuma aka yi ta ja-in-ja a kan mazaɓar wa aka fi yi wa aiki bana, har wani ya miƙe ya ce zai fita, aka riƙe masa riga, ya zauna dama ba fitar zai yi ba. Auta tana jikin bango da fayil a cinya. Ta maimaita jimlarta ta farko a zuci har ta daina jin ma'anarta.

Lokacin da aka iso kanta, rabin ɗakin na hamma, ragowar na kallon ƙofa.

"Sashen tsare-tsare," in ji Ciyaman. "Ina Darakta?"

"Ya yi tafiya, ranka ya daɗe. Ni ce a madadinsa."

"To Malama, matso. A taƙaice don Allah, ciki ya fara magana."

Ta matso bakin teburin. Muryarta ta fito siririya, ta tuna maganar Yaya ta ƙara ɗaga ta. Ta faɗi asibitin, ta faɗi injin da ya ƙone, ta faɗi kwaɗon ƙarshen wata. Ta ce Injiniya ya duba, aikin yini ɗaya ne. Injiniya ya gyaɗa kai daga inda yake.

Ciyaman ya murza idonsa. "Na san asibitin nan. A nan aka haifi 'yar ƙanwata. Ma'aji, me muke da shi a gyara?"

Ma'aji siririn dattijo ne mai tabarau a ƙarshen hanci, a bayan idonsa ana ce masa Ba-a-saki-ba, don ko gaisuwa da "ba a saki kuɗi ba" yake amsawa. Bai ko buɗe fayil ba.

"Ranka ya daɗe, aljihun gyara ya bushe tun tuni. Man da ke juya fankar nan ma da kunya muke karɓo shi."

"In muka rubuta sama fa?"

"Mu rubuta. Wancan karon da muka rubuta a kan rufin makaranta, kafin amsa ta zo hedimastan ya yi ritaya."

Aka yi dariya, ba mai ƙarfi ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Auta, "injin da za a saya ai sabo ne. Ba za a iya fitar da shi daga kuɗin sababbin ayyuka ba?"

Ma'aji ya sauke tabarau ya dube ta, ba da fushi ba. "'Yata, sabon inji a tsohon rami gyara ne, ko a gaban wa. Na taɓa yin wannan dabarar a kan motar kwashe shara. Da masu binciken kuɗi suka zo, ba wanda ya tuna da shara, ni aka kira, ni na yi ta hawa da sauka da ƙafafun nan. Saura kaɗan in bar aiki. Ku bar ni in fita da mutuncina."

Can sai kansilan mazaɓar bayan kasuwa, wanda tun farkon maganar yake latsa waya, ya ɗago kamar an tashe shi daga barci.

"To wai me ya sa muke wahalar da kanmu? Ma'aji, a sababbin ayyuka akwai saura?"

"Akwai, kuma in ba mu taɓa shi ba mayar da shi za a yi."

"Shi ke nan! A haƙa musu sabuwa. Mai aiki da hasken rana, da tanki babba, da katanga. Mutanena sun daɗe ba su ga an kafa allo a mazaɓarsu ba."

Nan take ɗakin ya farfaɗo. Masu hamma suka gyara zama. Wani ya ce a sa famfuna a waje don 'yan unguwa su ma su ɗiba, wani ya ce a yi wa tankin fenti kalar sakatariya. Ciyaman ya juya wajen Injiniya.

"A ina za a haƙa?"

Injiniya ya shafa sanƙonsa. "Inda ruwan yake, ranka ya daɗe. Gefen tsohuwar."

"Yaushe za a gama?" Auta ce ta tambaya, ba a ba ta izini ba.

"Sai an yi talla, 'yan kwangila sun kawo farashi, kwamitin kwangila ya zauna, an ba da kuɗin somawa." Injiniya bai dube ta ba. "In komai ya tafi daidai, bayan damina."

"Ranka ya daɗe, ƙarshen watan nan za su rufe ɗakin."

"Rufewar ɗan lokaci ce," in ji Kansila. "Ruwa na zuwa a buɗe. Mata za su ɗan yi haƙuri."

Auta ta san yadda ɗan lokaci yake a gidan nan. Ta san in aka tura ungozoma wani wuri, dawo da ita sai an sake wata takardar, wani zaman, wata amsar daga sama. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, sai ta ga Ciyaman ya ɗauki agogonsa yana ɗaurawa.

"Malama, ke kika kawo takarda, ba zan yi miki dole ba," in ji shi, muryarsa a gajiye. "In gyaran kike so, mu ɗage zuwa zama na gaba, mu rubuta sama, mu jira. In kin yarda da sabuwa, yanzun nan mu amince kowa ya kama gabansa. Wanne?"

Duk idanun ɗakin suka dawo kanta. Ba ta taɓa tsayawa a gaban idanu masu yawa haka ba. Ta auna a ranta: gyara, wataƙila ba za a taɓa yi ba; sabuwa, ko ta makara za ta zo. Ko ba komai za ta koma wa Yaya da wani abu a hannu.

"A yi sabuwar, ranka ya daɗe."

"An amince," in ji Ciyaman, ya buga tafin hannu a teburi.

Kansila har da tafi. "Yarinyar nan ta iya aiki! Ta shigo neman faci, ta fita da sabuwar riga. A gaya wa Darakta ya riƙe ta da kyau."

Aka watse ana ta yi mata barka. Ma'aji ma da zai wuce ya ce, "Kin kyauta, 'yata, kin sauƙaƙa wa kowa."

A baranda Injiniya ya cim mata, yana tafe yana jan ƙafa.

"Gobe zan aika a kwance tankin," in ji shi.

Ta tsaya. "Wane tankin?"

"Na tsohuwar. Ba a haƙa sabuwa a inda ake da mai rai, ƙanwata, masu bincike za su tambaya. Dole in rubuta cewa tsohuwar ta mutu, ba ta gyaruwa. In na rubuta haka kuma, sai a kwashe tanki da bututu a kai sito, a toshe bakin ramin da siminti."

"Amma da bakinka ka ce min lafiyarta lau."

"Da safe ke nan. Yanzu kwamiti ya zauna."

"To a bar ta haka mana, kada a taɓa. In wani ya samu hali ya sa mata inji kafin..."

"In ta kawo ruwa bayan na sa hannu cewa ta mutu, wa ya zama maƙaryaci?" Ya yi hamma, ya rufe baki da bayan hannu. "Na zaci kin sani. Haka aka yi a makarantar 'yan mata, haka aka yi a mayanka. Ai ke kika buga takardun."

Ta tsaya nan har ya shige ofishinsa ya turo ƙofa. Gaskiya ne, ita ta buga su.

Da aka tashi daga aiki ba ta nufi gida ba. Ta bi ta cikin kasuwa a ƙafa, tana kauce wa masu tura kaya da ruwan da masu shaguna ke watsowa bakin hanya, takalminta na cizon ta a dunduniya. Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa asibitin. Bencin baranda ya ragu, saura mace ɗaya mai tsohon ciki tana jiran a auna ta.

Yaya ta fito daga ɗakin haihuwa da fara'ar da Auta ta kwana biyu ba ta gani a fuskarta ba. Ta kamo hannunta ta ja ta gefe.

"Kafin ki ce komai, bari in ba ki nawa. Shugabannin 'yan kasuwa sun zo ɗazu. Matar ɗayansu a hannuna ta haihu wancan makon, ya ga yadda muke fama. Sun ce za su haɗa su sayi injin, har da mai sawa sun samo. Abu ɗaya suke so, hukuma ta ce ta yarda a taɓa, kada gobe a ce sun yi wa kayan gwamnati karambani. Izini kawai, Auta. Ko sisinku ba ma so. Wannan ai ba zai gagare ki ba, ko?"

Auta ta dubi hannun Yaya da ke riƙe da nata. Fatar yatsun ta yi fari-fari, ta tattare saboda yawan taɓa ruwa da sabulu.

"Yaya, an amince za a haƙa muku sabuwa."

"Sabuwa? Ta me? Wannan ɗin me ta yi?"

Sai Auta ta faɗa mata duka, tun daga aljihun da ya bushe har zuwa tambayar Ciyaman, da amsar da ta bayar da bakinta, da tankin da za a zo a kwance gobe, da simintin. Ba ta rage komai ba, ba ta kuma ɗaga ido ba.

Yaya ta saki hannunta a hankali. "Ki koma ki ce musu kin fasa."

"An riga an amince. Sai dai a wani zaman, shi ma sai wata mai zuwa. Kafin nan sun toshe ta."

"Ke suka tambaya?"

"Ni suka tambaya."

"Kika ce a yi sabuwa."

"Na ɗauka gara wani abu da babu."

Yaya ta dubi duron ruwan da ke bakin ƙofa. Auta ta so a ce ta yi mata tsawa, ta kira ta sakarya kamar lokacin da suke yara. Yaya ba ta yi ba. Ta cire hular aikinta, ta gyara gashinta, ta mayar.

"Kin ci abinci yau?" ta tambaya.

"A'a."

"Ya nuna a fuskarki. Ki je gida, kada Inna ta yi ta jira. Ni zan kira mutanen nan in ba su haƙuri, kada su wahalar da kansu."

Ta juya wajen matar da ke kan benci, ta zauna kusa da ita, ta karɓi katinta ta duba.

"Matar tela, yaushe muka ce watanki?"

"Wata mai kamawa, Anti, in Allah ya yarda."

"To saurara da kyau. Daga yau awonki ya koma babban asibiti. Ki fara zuwa tun yanzu su san fuskarki, kada sai ranar ta zo ki je musu baƙuwa. Ki gaya wa maigidan ya nemi mai mota tun da wuri ya karɓi lambarsa, kuma da kin ji bayanki ya fara, kada ki tsaya cewa bari in gani."

"Anti, ni a hannunki nake so. Duk yaran nan ke kika karɓe su."

"Na sani," in ji Yaya. "Miƙo hannun in auna ki."